Laifin Wa? Tambaya Daga Ajin Lissafin Sauyi

Gabatarwa

Na tabbata duk wanda ya buɗe wannan mujalla tamu ta Ƙungiyar Hausa ya ci karo da kalmar lissafi, zai ce a ransa: "To, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan ɗalibin Hausa da lissafi, shi da ya yi hannun riga da shi tun ranar da ya fito jarrabawar gama sakandare?" Wannan zargi na karɓe shi. Amma fa masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da zan yi magana a kai a ajin lissafi ya faru, sai dai tambayar da ke cikinsa ta shafi kowane aji na jami'a, har da namu na nahawu da adabi. Tambayar kuwa ita ce: idan malami ya koyar, ɗalibi bai gane ba, laifin wa? Da wane ma'auni kuma za a auna alhakin kowa?

Mafarin Magana

Ni mutumin Sabon Birni ne. Abokin zamana a ɗakin kwana kuwa mutumin Isa ne, yana Sashen Lissafi. A shekararsa ta farko ya haye kwasa-kwasansa ba tare da wata wahala ba. Da ya shiga shekara ta biyu sai ya haɗu da wani kwas wanda ɗaliban lissafi da na kimiyya da masu koyon aikin injiniya duk sai sun bi ta cikinsa, watau kalkulas na abubuwa da yawa. A nan ya faɗi, ya kwaso abin nan da ɗalibai ke kira kari-oba. Wanda bai san gidansu ba zai ga abin ƙarami ne. Ni da na san mahaifinsa wake da albasa yake sayarwa ya biya kuɗin makaranta, na kuma san akwai ƙannensa biyu da ke jiran ya gama a waiwaye su, na san cewa idan kwas ɗin nan ya jawo masa ƙarin shekara, gida guda ne zai ji a jikinsa.

Hukunci iri uku na ji an yanke a kan wannan faɗuwa. Mahaifinsa ya ce masa: "Yaro, wasa kay yi. Wanda yay yi noma shi ka cika ruhewa." Shi kuwa abokin nawa ya ce mini: "Wallahi malam ne. Zai shigo ya ba mu baya, ya cika allo, ya goge, ya sake cikawa, lokaci ya yi ya fita." Malamin kuma, kamar yadda aka ba ni labari, ya faɗa wa aji cewa ɗaliban yanzu ba su da tushe, fanko ake turo su daga sakandare. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan uku ya kama sanadi guda ya ɗora masa kayan duka.

Wata rana da dare na ce wa abokina: "Don Allah wai shi wannan kwas da ya hana mu barci, me ake koya a cikinsa?" Ya ɗauki takarda ya shiga yi mini bayani da Hausa, yana yi yana laluben kalmomi. Kafin mu kwanta sai na lura da wani abin mamaki. Ashe ilmin da ya kayar da shi, tun daga farkonsa har ƙarshensa, gargaɗi ne ga mai ɗora sakamako a kan sanadi guda.

Mene Ne Lissafin Sauyi?

Kalkulas shi ne lissafin yadda abu ke sauyawa, shi ya sa zan riƙa kiransa lissafin sauyi. Isaac Newton na Ingila ya gano shi wajen 1665 zuwa 1666, Gottfried Leibniz na Jamus kuma ya gano shi ta tasa hanyar, ya buga a 1684. Wanda ake koyarwa a shekarar farko ta jami'a yana duban abu ɗaya da ya dogara ga abu ɗaya, kamar nisan da mota ta ci da lokacin da ta yi tana tafiya. To amma abubuwan duniya kaɗan ne ke tafiya haka. Dubi tsirkiyar gurmi idan an kaɗa ta: karkatarta ta dogara ga wane wuri na tsirkiyar kake dubawa, ta kuma dogara ga wane lokaci ka duba. Wani Bafaranshe, d'Alembert, ya rubuta lissafin tsirkiya mai kaɗawa a 1747, shi da su Euler da Lagrange suka shimfiɗa wannan reshe da muke magana a kai, na abin da ke da sanadi fiye da ɗaya.

Ga misalin da abokina ya ba ni. A ce mutum yana da garkar albasa a fadamar Rima, tsawonta mita 40, faɗinta mita 30. Girmanta ya kama murabba'in mita 1,200. In ya bar faɗin yadda yake, ya ƙara mita ɗaya a tsawo, garka za ta ƙaru da 30. In kuwa tsawon ya bari yadda yake, ya ƙara mita ɗaya a faɗi, za ta ƙaru da 40. Wannan ita ce dabara ta farko da ake koya wa ɗalibi: ka riƙe kome a inda yake, ka motsa abu guda, ka auna abin da ya haifar. Awon gefe ɗaya ke nan. Sai mai karatu ya lura da wani abu a nan. Ribar ƙarin tsawo, watau 30, ita ce faɗin garkar. Ribar ƙarin faɗi kuma, watau 40, ita ce tsawonta. Ashe amfanin kowane ɗaya yana hannun ɗan'uwansa. Da faɗin garkar mita 5 ne kawai, da ƙarin tsawon nan 5 zai haifar, alhali kuwa wahalar mai garka ɗaya ce.

Daga nan ake wucewa zuwa ga gangare. In ka tsaya a kan tudu, ƙasa tana da irin hawanta ta gabas, tana da irin hawanta ta arewa. In aka haɗa awon biyun nan sai su nuna fuskar da hawa ya fi tsanani, kishiyarta kuwa ita ce hanyar da ruwan sama zai bi ya gangara fadama. Da irin wannan awo Henry Darcy ya bayyana tafiyar ruwa cikin yashi a 1856, masu nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma suna aiki da dokarsa har gobe. Hanyar bin gangare mataki mataki har a kai ƙasa, wadda Cauchy ya bayyana a 1847, ita ce ginshiƙin yadda ake horar da kwamfutocin nan masu ƙirƙirarriyar basira a yau. Akwai kuma lissafin tarawa, wanda da shi ake gane yawan ruwan tafkin da zurfinsa ke bambanta daga wuri zuwa wuri, kamar na madatsar ruwa ta Goronyo da aka gama ginawa a kan gulbin Rima a 1984.

Abu na ƙarshe da ya nuna mini shi ne wurin sirdi. Wanda ya san doki ya san cewa mazaunin sirdi, in ka bi shi daga gaba zuwa baya, shi ne wuri mafi ƙasa, gama kwacciya ta yi sama ta gaba da ta baya. In kuwa ka bi shi daga likkafar dama zuwa ta hagu, shi ne wuri mafi bisa. Wuri ɗaya ne, wannan ya rantse kwari ne, wancan ya rantse tudu ne, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Don haka ake horon ɗalibi kada ya yanke wa wuri hukunci sai ya dube shi ta kowace fuska.

Darasi Na Farko: Adalci

Da na je hutu na kwashe wannan bayani na faɗa wa kakana, wanda ya shekara fiye da sittin yana noma. Ya yi dariya ya ce: "Kai ɗan boko, wanga abu shi ad da wuya? Ai kowane manomi ya san shi. Shekarad da ruwa yay yi, taki shina ƙara ma damma. Shekarad da ruwa yay yanke, wannan takin shi ka ƙone ma hatsi." Tsohon bai san alamar lissafi ko ɗaya ba, amma ya faɗi ainihin abin da garkar albasa ta nuna: amfanin sanadi ɗaya ya dogara ga inda sauran suka tsaya. Ba a tambayar manomin Gobir dalilin rashin hatsi ya ba da amsa guda. Zai lissafa ruwa, da iri, da taki, da ƙarfin ƙasa, da lokacin shuka, da tsutsa, a 'yan shekarun nan kuma ya ƙara da ko an bar shi ya shiga gonar.

To, mu auna faɗuwar abokina da wannan ma'auni. Yana babbar sakandare aka rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona. Kafin ya farfaɗo, rashin tsaro ya sa aka kwashe su daga makarantarsu aka kai su wata, inda aji ɗaya ya ɗauki na biyu. Dubban mutanen yankinmu a shekarun nan Jihar Maraɗi ta Nijar suka tsallaka neman mafaka. A watan Satumba na 2021 aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, lokacin da takwarorinsa na birni ke kallon darussa a intanet. Lissafin nan mai zurfi da ake yi a manyan azuzuwan sakandare kuwa, bai taɓa samun malaminsa ba. Sannan ga Turanci, wanda da shi ake koyarwa, shi kuwa da Hausa yake tunani. Sannan ga cunkoso, wanda ya zauna a bayan ɗakin lacca ba ya bambance alamar da ke allo. Sannan, don in faɗi gaskiya ko da abokina ne, ga daren da ya raba wajen kallon ƙwallo.

Mahaifinsa ya bi sirdi ta fuska ɗaya, shi ya bi ta ɗaya, malam ya bi ta wata. Kowa ya ga gaskiya, ba wanda ya ga sirdin. Akwai ma hukunci na huɗu da nakan ji a ɗakunan kwana, wanda ya fi sauran muni, wai mu mutanen Arewa kanmu ba na lissafi ba ne. Mai faɗin haka ya manta da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya yi rubutu a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ya kuma manta da Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Darasi na farko dai shi ne, ɗora wa mutum ɗaya abin da sanadi goma suka haifar zalunci ne, ko uba ya yi shi, ko malami, ko ɗalibi.

Darasi Na Biyu: Alhaki

Sai dai a nan akwai rami, kuma na ga mutane da yawa sun faɗa cikinsa. Da zarar an ce sanadi yana da yawa, sai kowa ya sami wurin fakewa. Malami ya ce aji ya yi yawa, ɗalibi ya ce sakandare ce ta cuce shi, sakandare ta ce rashin tsaro ne, a ƙarshe a tashi ba mai laifi, kamar tuwon gayya da ya ƙone. In haka darasin adalci zai ƙare, to gara hukuncin mahaifin abokina, domin shi ko banza zai sa yaro ya buɗe littafi.

Maganin wannan rami yana cikin dabarar nan ta farko, watau awon gefe ɗaya. Masanin lissafi da ya ga sanadi da yawa ba ya ɗaga hannu ya ce abin ya gagara. Yakan riƙe sauran a inda suke, ya motsa guda, ya auna. A ganina wannan ita ce tambayar da ta kamata kowane mutum ya yi wa kansa: in an bar kome yadda yake, aji da yawansa, sakandare da rauninta, hanyar gida da haɗarinta, ni kuma na motsa abin da ke hannuna, me zai sauya? Abin da zai sauya ɗin nan, shi ne alhakina. Ba za a tambaye ni abin da ya fi shi ba, ba ni kuma da ikon in rage shi. Malami ba shi ya datse layin waya a Isa ba, saboda haka ba ya cikin nasa awon. Amma juyowa ya dubi fuskokin ɗalibai yana cikin nasa. Ɗalibi ba shi ya cika aji ba, amma sammakon neman kujerar gaba yana cikin nasa.

Bugu da ƙari, garkar albasa ta koya mana cewa ribar tsawo ita ce faɗi. In muka ɗauki ƙoƙarin ɗalibi a matsayin tsawo, bayanin malami a matsayin faɗi, fahimta kuma ita ce girman garka, za mu ga cewa malamin da ya ƙuntata bayaninsa ya rage darajar kowane dare da ɗalibi ya raya yana karatu. Haka ɗalibin da ya yi sakaci ya rage darajar kowace sa'a da malami ya tsaya gaban allo. In ɗaya ya zama sifiri, kome girman ɗayan, sifiri za a tashi da shi. Saboda haka alhakin kowa ya haɗa da abin da ya jawo wa wahalar ɗan'uwansa.

Wani zai kawo mini labarin George Green ya ce ai himma kaɗai ta isa. Lalle labarin abin sha'awa ne. An haife shi a 1793 a Notingam ta Ingila, karatunsa na makaranta yana yaro bai wuce kamar shekara guda ba, ya tashi yana aiki a injin niƙan mahaifinsa, amma a 1828 ya buga maƙalar da ke ɗauke da tushen ƙa'idar da ake kira da sunansa, wadda ake koyarwa a ƙarshen wannan kwas. To amma a duba sauran labarin. Garinsu akwai ɗakin karatu da ya zama ɗan ƙungiyarsa. Mahaifinsa ya bar masa dukiya. Wani mai hali, Edward Bromhead, ya karanta aikinsa ya ƙarfafa masa guiwa har ya shiga Jami'ar Kambirij a 1833, yana da shekara 40. Duk da haka ya rasu a 1841 ba a san darajar aikinsa ba, sai da William Thomson ya tono shi bayan 'yan shekaru. Green ya ja tasa igiyar iyakar ƙarfinsa, wasu kuma suka ja tasu. Da ɗayan biyun ya ɓace, da ba mu ji sunansa ba.

Abin Da Ke Hannun Malami

Da yake malamaina na cikin masu karatu, ina neman gafara in faɗi abin da nake gani yana cikin nasu awon. Ban jahilci nauyin da ke kansu ba. Na san aji yana da yawa, zangon karatu kuma gajere ne, musamman tun bayan yajin aikin wata takwas na 2022 da ya sa jami'o'i da yawa suka yi ta tseren cike giɓi. Waɗannan na riƙe su a inda suke, kamar yadda ƙa'ida ta ce.

Na farko, a fara da abin da ɗalibi ya sani. Yaron da ya tashi yana ganin inda ruwa ke bi bayan an ɗauke sama ya riga ya san gangare da ƙafarsa, sunansa da alamarsa kawai ya rage a ba shi. Ga wani misali. Garkar nan mai mita 40 da 30, shingenta mita 140 ne. In aka tambayi aji wane fasali ne zai ba da garka mafi girma da wannan shingen, ba ƙari ba ragi, za su gwada su gano cewa 35 da 35 ya ba da 1,225, ya fi 1,200. Daga nan malami ya ce, to ga hanyar da Lagrange ya shimfiɗa ta neman mafi kyau a cikin iyaka. Minti biyar wannan zai ci. Ɗalibin da aka fara masa da shinge zai riƙe hanyar. Wanda aka fara masa da alamomi zai hardace ta, ya zubar a ƙofar ɗakin jarrabawa.

Na biyu, a yi zane. Wannan lissafi na siffofi ne masu tudu da kwari, ƙwarya da faifai da sirdi duk kayan aikinsa ne, kuma ba a neman kasafin kuɗi kafin a shigo da ƙwarya aji.

Na uku, kada a ji kunyar Hausa wurin bayani. Ban ce a bar Turanci ba, da shi aka rubuta littattafan, da shi za a yi jarrabawa, kuma a aji akwai waɗanda ba su jin Hausa, su ma suna da haƙƙi. Amma a zaman bita, ko idan ɗalibi ya zo ofis, jimla biyu cikin harshen da yake tunani da shi suna iya buɗe abin da lacca uku ba su buɗe ba. Abokina da kansa ya ce mini bai gane awon gefe ɗaya sosai ba sai daren da ya tilasta wa kansa ya faɗa mini shi da Hausa. A nan mu ɗaliban Hausa ma muna da namu alhakin, domin samar da kalmomin fannu aikinmu ne, kuma ba za mu iya shi ba sai mun zauna da mutanen Sashen Lissafi. Tsarin manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, balle kuma misalin da malami zai bayar a aji, wanda dama ba mai tsara masa.

Tausayi Da Maki

Saura tambaya ɗaya mai nauyi. Tun da mun yarda ɗan Isa ya taso da cikas ɗin da ɗan birni bai taso da shi ba, shin adalci ne a auna su da jarrabawa ɗaya? Ba sai a sassauta masa maki ba? Na daɗe ina juya wannan a raina, domin abokina ne, kuma na san abin da maki biyar za su yi wa gidansu. Amsar da na tsaya a kai ita ce a'a. Makin jarrabawa shaida ce da malami ke bayarwa ga mutanen da ba su cikin aji, cewa wannan ya iya. Wata rana shi za a ba awon ruwan madatsa ko ƙarfin gada. Mutanen ƙasar Goronyo da ambaliyar 2010 ta ci gidajensu da gonakinsu sun san cewa ruwa ba ya tambayar wace sakandare mai awo ya yi. Malamin da ya ba da makin da ba a ci ba ya ji tausayin mutum ɗaya da yake gani, ya zalunci dubu da ba ya gani, kuma su ne dai dangin wannan ɗalibi.

Wurin tausayi shi ne kafin jarrabawa: a bita, a ofis, a misalin shinge, a tambayar "kun gane?" wadda ake jiran amsarta. Ranar awo kuwa mudu ɗaya ne ga kowa. Malamin da ya tsananta a maki bayan ya sauƙaƙa a bayani ya sauke amana. Wanda ya tsananta a duka biyun, ko ya sassauta a duka biyun, da sauran magana a kansa.

Kammalawa

A taƙaice, tambayar "laifin wa?" ba ta da amsa guda, kuma mai neman amsa guda zai zalunci wani. Amma rashin amsa guda bai wanke kowa ba, gama kowa yana da gefen da in ya motsa shi sakamako zai motsa. Abokina ya sake ɗaukar kwas ɗin a wannan zango. Ya rage kallon ƙwallo, yana sammako ya kama kujerar gaba, ya kuma tara 'yan ajinsu biyar suna bita da Hausa da Turanci a gindin bishiya, ni ma nakan zauna in taya su neman kalma. Ya je ofishin malamin sau biyu, ya dawo yana mamaki, ya ce ashe mutumin yana da bayani in an tambaye shi. Ajin bai ragu ba, hanyar Isa ba ta gyaru ba, sakamako kuma bai fito ba tukuna. Ban san abin da allo zai nuna ba, amma na san wannan karon in mahaifinsa ya tambaye shi, yana da abin faɗi.

Ina roƙon malamanmu da 'yan'uwa na Sashen Lissafi, in na yi kure a bayanin fanninsu su gyara mini a fitowa ta gaba, in kuma suna da kalmomin da suka fi nawa dacewa su kawo mu tattauna. Allah ya ba kowa ikon sauke nauyin da ke kansa, amin.